Rariya ko Takunkumi: Adireshin Intanet da Aikin da Ke Jiran Masana Hausa

Cikin bazarar da ta wuce na shiga wata cibiyar kwamfuta a garin Gumel domin in buga wasu takardu, sai na tarar da masu wurin cikin damuwa. Cibiyar tana horar da ɗalibai masu shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta. Sun ƙaro sababbin na'urori, sun jona wayoyi, komai ya kama wuta, amma sababbin sun ƙi gaisawa da babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi. Matashin da ke kula da wurin ya yi ta shiga da fita har gumi ya jiƙa masa riga. Daga bisani ya kira maigidansa a Kano, aka ce masa ya duba wata lamba a kan babbar kwamfutar. Ya tarar an rubuta 255.255.255.192, aka ce ya mayar da ita 255.255.255.0. Yana sauyawa komai ya daidaita. Na tambaye shi, na ce, "Samari, me wannan lamba take nufi?" Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi Malam, haka aka koya mana, haka ake sawa."

Yaron ba dolo ba ne. Hannunsa ya san aiki, kuma da ganin yadda yake bin waya ka san yana da basira. Abin da ya rasa shi ne bayani cikin harshen da yake tunani da shi. An ba shi lambar kamar yadda ake ba mutum laya a ɗinke: ka rataya, kada ka buɗe. Wannan ne ya sa na koma na zauna da wani abokin aiki daga sashen kimiyyar kwamfuta, na sa ya warware mini al'amarin dalla-dalla, ni kuma ina mayar masa da shi cikin Hausa har sai da muka ga babu inda ya cije. Ra'ayin da na fito da shi daga wannan zama shi ne nake son gabatarwa ga 'yan'uwana manazarta: mun daɗe muna ƙirƙirar sunaye, amma mun yi sakaci da rubuta bayani. Harshe ba ya zama harshen kimiyya don kawai yana da sunan da zai kira na'ura. Yana zama haka ne ranar da zai iya ɗaukar aiki tun daga farkonsa har ƙarshensa, mataki bayan mataki, ba tare da ya jingina da wani harshe a tsakiyar hanya ba.

Tunda na yi wannan da'awa, wajibi ne in gwada ta a gaban mai karatu.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi. Tsarin da aka fi sani, wato IPv4, an tabbatar da shi ne a watan Satumba na 1981, kuma mu mutane muna ganin sa a matsayin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.1.10. Ita kuwa kwamfuta ba ta san da ɗigon ba. A wurinta adireshin lamba ce guda ɗaya tilo, mai gurabe 32, kuma kowane gurbi ko dai ya ɗauki 1 ko ya ɗauki 0. Wannan gurbi guda shi ne zan kira ƙwaya. Idan aka tara ƙwaya 8 wuri guda, zan kira su dami. Ke nan adireshi dami 4 ne a jere. Dami ɗaya yana iya ɗaukar ƙima daga 0 zuwa 255, domin idan aka ninka 2 da kansa har sau 8 ana samun 256. Wannan ne dalilin da ya sa ba za ka taɓa ganin 300 a cikin irin wannan adireshi ba, kuma shi ne asirin 255 da yaron nan yake ta bugawa: dami ne cike fal, ƙwayoyinsa takwas duk 1, wato 11111111.

To yaya ake ɗaure dami huɗu su zama lamba ɗaya? Duk ɗan firamare ya san cewa idan ya rubuta 7 ya ƙara mata sifili a dama ta zama 70. Abin da ya yi shi ne ya gusar da 7 gurbi ɗaya zuwa hagu, sai ƙimarta ta ninku sau 10. A ƙirgan tushe biyu ma haka abin yake, sai dai kowace gusarwa ninki 2 take bayarwa. Saboda haka idan muna son mu ɗaure 192.168.1.10, sai mu gusar da 192 gurbi 24 zuwa hagu, ta zama 3,221,225,472. Mu gusar da 168 gurbi 16, ta zama 11,010,048. Mu gusar da 1 gurbi 8, ta zama 256. Ita 10 tana nan inda take. Tunda kowane dami ya sauka a filinsa, babu wanda ya hau kan wani, sai a haɗe su: 3,232,235,786. Wannan ita ce lambar da ke tafiya cikin waya.

Kwancewa kuma komawa baya ce, amma a nan ne ake buƙatar kayan aiki na biyu. A ce muna son mu ciro dami na biyu. Sai mu gusar da lambar gurbi 16 zuwa dama, dami biyu na ƙarshe su zube, a bar mu da 49,320. A cikin wannan akwai 192 da 168 a manne. Domin mu rabu da 192, sai mu ɗora 11111111 a kan ƙwayoyi takwas na dama, mu bar sifili a kan sauran, mu kafa doka cewa ƙwaya ba ta wucewa sai inda ta dace da 1. Duk abin da ya faɗa kan sifili ya tsaya. Abin da ya wuce shi ne 10101000, wato 168. Iyakar aikin ke nan: gusarwa da tacewa.

A kan sunan wannan kayan aiki na biyu nake son in ɗan daɗe, domin a nan ne aikinmu yake. Kalmar da Ingilishi ya ba shi tana nufin abin rufe fuska. Wanda ya bi kalma maimakon ma'ana zai fassara ta da takunkumi, musamman tunda annobar korona ta 2020 ta cusa wannan kalma a bakin kowa. Amma takunkumi abin hanawa ne. Ana sa wa raƙumi ko jaki don kada ya ci, ana ƙaƙaba wa ƙasa don kada ta yi ciniki. Ɗalibin da aka ce masa takunkumi zai ɗauka cewa inda aka sa 1 nan aka toshe, alhali kuwa nan ne aka buɗe. Kalmar za ta koya masa kishiyar gaskiya. Abin da wannan kayan aiki yake yi shi ne aikin rariya: inda akwai huda gari ya wuce, inda babu ya tsaya. Kowane 1 huda ce, kowane 0 toshewa ce. Duk wanda ya taɓa ganin ana tankaɗe a tsakar gida ya riga ya fahimci rabin darasin kafin malami ya buɗe baki. A wannan gaɓa Hausa ta fi harshen da aka aro ilimin daga gare shi dacewa da abin da ake nufi, kuma ba za mu gano hakan ba muddin muna fassara jerin kalmomi ba tare da mun yi lissafin da hannunmu ba.

Yanzu mu koma cibiyar nan ta Gumel. Rariya ita ce ke gaya wa kwamfuta wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. Kafin ta aika saƙo, takan tace adireshinta, ta tace na wanda za ta aika wa, ta kwatanta. Idan sakamakon ya zo ɗaya, sai ta miƙa saƙon kai tsaye. Idan ya bambanta, sai ta kai shi ƙofar fita, ta bar wa na'urar da ke tsaron ƙofa. Rariyar 255.255.255.0 tana da huda 24, tana barin ƙwaya 8 domin lambar ɗaki, wato gida mai adireshi 256, waɗanda 254 daga ciki ake iya ba na'urori. Ita kuwa 255.255.255.192 huda 26 gare ta, domin 192 ita ce 11000000. Waɗannan huda biyu da aka ƙara suna raba gidan kashi huɗu, kowanne da adireshi 64, kamar yadda masarautar Gumel take ɗaya amma ta kasu ƙananan hukumomi huɗu: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Kashi na farko daga 0 zuwa 63, na biyu daga 64 zuwa 127, haka har zuwa 255. Babbar kwamfutar cibiyar tana lamba 10, sababbin kuwa an fara ba su daga 70. Idan aka tace 10, wato 00001010, da 11000000, sifili ake samu. Idan aka tace 70, wato 01000110, ana samun 64. Amsa ba ta zo ɗaya ba. Don haka babbar kwamfutar ta ɗauki na'urar da ke kan teburin da ke kusa da ita a matsayin baƙuwa daga wata ƙaramar hukuma, ta riƙa kai amsarta ƙofar fita, amsar tana ɓacewa. Wannan bayani bai kai shafi guda ba, kuma ban ga inda Hausa ta gaza a cikinsa ba.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan matsalar masu haɗa waya ce, ina ruwan manazarcin harshe da adabi? Ruwansa ya kai wuya, ko da bai sani ba. Babu editan mujallar Hausa da bai taɓa buɗe maƙalar da aka aiko masa ya tarar da kalmar ƙasa ta koma Æ™asa ba, ko ɗaki ya koma É—aki. Mukan ce kwamfuta ta ci rubutun, mu zauna mu gyara da hannu. Ga abin da ya faru a zahiri. A tsarin Unicode harafin ƙ yana da lamba 409, ɗ yana da 599, ɓ kuma 595. Dukkansu sun wuce 255, ba za su shiga dami ɗaya ba. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana raba irin wannan lamba cikin dami biyu, kuma da gusarwa da rariya yake yin haka. A gusar da 409 gurbi 6 zuwa dama, a samu 6, a ɗora ta kan 192, dami na farko ya zama 198. A tace 409 da rariya mai huda shida, wato 63, a samu 25, a ɗora ta kan 128, dami na biyu ya zama 153. Idan manhajar da ta karɓi rubutun ta san dokar, sai ta kwance ta dawo da ƙ. Idan kuwa ta karanta kowane dami shi kaɗai bisa tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai 198 ta fito a matsayin Æ, 153 kuma a matsayin ™. Rubutun bai lalace ba, karanta shi aka yi da dokar da ba tasa ba, kuma wanda ya san haka zai iya ceto kundin digiri sukutum cikin 'yan mintoci. Ashe lissafin da ke ɗauke da adireshin intanet shi ne dai ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa. Abin kunya ne a ce mun shafe shekaru muna muhawara kan ƙa'idojin rubutu, tun daga taron Bamako na 1966 zuwa na Yamai na 1980, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin yadda ƙ take tafiya daga Zariya zuwa Damagaram.

Ban yarda kuma da cewa wannan tunani baƙo ne a ƙasar Hausa ba. Malamin da ke rabon gado yana aiki da nusufi da rubu'i da sumuni, wato rabi, da rabin rabi, da rabin wannan kuma. Gusarwa zuwa dama sau ɗaya, sau biyu, sau uku ke nan, ba ƙari ba ragi. Masu nazarin al'ada sun san bugun ƙasa, inda ake da siffofi 16, kowace da layi huɗu, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu. Hukuncin addini a kan duba sananne ne, kuma ba shi nake tattaunawa ba. Tsarin ƙirgan nake nuni da shi: zaɓi biyu a gurbi huɗu yana ba da 16, daidai da rabin dami. A Katsina aka yi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimi kuma ya rasu a Alƙahira a 1741. Fataken da suka yi ciniki da wuri sun san keso, ƙunshin wuri 20,000, sun san cewa ana ɗaure ƙananan adadi a cikin babba domin sauƙin ɗauka, a kwance idan an isa kasuwa. Kai, mu kanmu masu nazarin tsarin sauti da me muke aiki? Karin sama ko na ƙasa, dogon wasali ko gajere, mai ziza ko marar ziza. Duk wanda ya taɓa zana jadawalin siffofin sauti da alamar tarawa da ta ɗebewa ya riga ya rubuta ƙwayoyi, sunan ne kawai bai sani ba. Ba ina cewa kakanninmu sun ƙirƙiro kwamfuta ba, irin wannan alfahari ba ya ciyar da kowa gaba. Ina cewa ne akwai turakun da za a ɗaura sabon ilimi a jikinsu, kuma mu ne muka san inda aka kafa su.

Ba na raina aikin magabata. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, shi ya ba mu harshen da muke koyar da nahawu da adabi da shi a yau, har ɗalibi yana rubuta kundin digiri na uku cikin Hausa tsantsa. Amma mu tambayi kanmu me ya sa waɗancan kalmomi suka rayu. Sun rayu ne domin waɗanda suka ƙirƙire su su ne masu shiga aji da su kowace safiya. An yi bayani da su, an yi jarrabawa da su, an yi gardama da su, waɗanda ba su da ƙwari suka faɗi, masu ƙwari suka zauna. Kalmomin kimiyya da fasaha ba su sami wannan gata ba. Akan tara masana a yi bita, a fitar da jeri, a buga, a ajiye a kanta. Masanin harshe bai san aikin da kalmar za ta yi ba, masanin kimiyya kuma ba ya koyarwa da Hausa. Giɓin da muka bari injin fassara ne yake cike shi, tun da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, kuma inji kalma yake bi. Shi ne zai ba ɗalibi takunkumi a inda ake buƙatar rariya.

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Mafi ƙarfinsu ita ce ta abinci. Matashin da ke son aiki a kamfanin sadarwa da Ingilishi za a yi masa jarrabawar ƙwarewa, da Ingilishi na'urar za ta yi masa magana, kuma littattafan da zai karanta ba su da iyaka a Ingilishi. Idan muka cika masa kai da ƙwaya da dami, ba mu ɗora masa kaya biyu ba? Amsata ita ce kaya biyun yana ɗauke da su tun yanzu. A bakinsa akwai kalmar Ingilishi da bai fahimta ba, a kansa kuma akwai Hausar da ba a ba ta abin da za ta riƙe ba. Wanda ya gane aikin rariya cikin harshensa, koyon sunanta na Ingilishi aikin minti ɗaya ne. Wanda ya haddace sunan kawai zai ci gaba da kiran Kano duk ranar da lamba ta sauya. Ban kuma ce a kori kalmomin aro ba. Intanet da kwamfuta da adireshi sun zauna daram, kuma idan masu sana'a suka ƙi ƙwaya suka riƙe kalmar aro, ba zan yi kuka ba. Sunaye suna iya zama na aro. Aikatau da jimla, wato yadda ake cewa a gusar, a tace, a ɗora, a kwance, su ne ba a iya arowa, kuma a cikinsu fahimta take.

Hujja ta biyu ita ce gwamnati ma ta juya baya. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke ta, aka koma Ingilishi. Na ji takaicin wannan mataki kamar kowa a cikinmu. Sai dai da za a kira mu a ce mu kawo littattafan da za a koyar da lissafi da kimiyyar kwamfuta da su daga aji ɗaya zuwa babbar sakandare, me za mu ajiye a kan tebur? Ba za mu ci gardamar manufa da takardun bayan taro ba. Za mu ci ta ne ranar da aka ga yaron da ya koyi abu da Hausa ya fi takwaransa iya shi.

Su kuwa mutanen arewacin Jigawa suna da wani dalili nasu na musamman. Kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis tana haɗa fataken dabbobi daga Nijeriya da Nijar, kuma a yau ciniki ya koma kan waya da na'urar POS. Matashin da ke gyaran waya a Maigatari da Ingilishi ya tsinci abin da ya sani, takwaransa na Dungas ko Magarya da Faransanci. Idan suka haɗu a rumfa ɗaya, Hausa ce kaɗai ke tsakaninsu. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan ba mu yi hanzari ba, za a wayi gari da kalmomin fasaha iri biyu, ɗaya mai ƙamshin Ingilishi, ɗaya mai ƙamshin Faransanci, a bakin mutanen da kakanninsu ɗaya. An rufe wannan iyaka a 2019, aka buɗe a Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, amma ko sau ɗaya ba a iya rufe harshen ba. Zai zama abin mamaki a ce mu da kanmu muka ja masa iyaka ta hanyar sakaci.

Akwai kuma batun rabo, wanda ban cika jin ana tattauna shi da Hausa ba. Gurabe 32 suna ba da adireshi 4,294,967,296 ne kacal, adadin da bai kai yawan mutanen duniya ba. Ƙasashen da suka riga shiga intanet sun kwashi kaso mafi tsoka, kuma babban rumbun duniya ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Hukumar da ke raba wa Afirka, wato AFRINIC mai mazauni a Morishiyos, ba ta sami cikakkiyar amincewa ba sai a 2005, kuma a 'yan shekarun nan shari'o'i kan mallakar adireshi sun dabaibaye ta har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Ƙarancin nan ne ya sa kamfanonin waya suke cusa dubban masu amfani a bayan adireshi ƙalilan, shi ya sa kuma sau da yawa mutum yana zaune a Gagarawa shafin intanet zai nuna cewa yana Legas ko Abuja. Magajin tsarin, wato IPv6, gurabe 128 gare shi, kuma da rariya ake yanka shi kamar na farko. Adireshi dukiya ce da ake saye da sayarwa, ana kai ƙara a kanta. Al'ummar da ba ta da kalmomin da za ta tattauna wannan dukiya ba za ta san ranar da aka yi rabo babu ita ba. Jigawa ta shiga harkar fasahar sadarwa da wuri, tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki da aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure. An sayo na'urori, an horar da matasa, amma harshen da mafi yawan mutanen jihar ke magana da shi an bar shi a bakin ƙofa.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. A Gumel akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, a Kafin Hausa akwai Jami'ar Sule Lamido, a Dutse akwai Jami'ar Tarayya. Malamin Hausa ɗaya da malamin kwamfuta ɗaya su zauna su rubuta darasi guda, cikakke, mai misalai da aikin gida da amsoshi. Kada su fara da jerin kalmomi, su bar kalmomin su fito daga cikin bayanin. Sannan su kai darasin inda za a gwada shi, wato wurin masu gyaran waya da masu kula da cibiyoyin kwamfuta a Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, su ba su adireshi da rariya su ce a faɗi ko na'urori biyu 'yan gida ɗaya ne. Kalmar da ta taimaka aka samu amsa daidai ta ci jarrabawa. Wadda ta rikita mutane a sauke ta, ko da farfesa ne ya ƙirƙiro ta. Mujallunmu kuma su buɗe shafi domin irin wannan rubutu, su ɗauke shi a matsayin bincike da ake ƙarin girma da shi, domin muddin kwamitin ƙarin girma bai san da shi ba, ƙaramin malami ba zai ɓata lokacinsa a kai ba.

Kalmomin da na yi amfani da su a nan ban ɗauke su a matsayin yankakken hukunci ba. Dami yana da rauni, domin damin gero ba shi da ƙayyadadden adadin zangarniya, alhali wannan dami dole ne ya zama takwas cif. Kalmar ko ma tana da matsala: idan Bahaushe ya ce shayi ko koko, yawanci ɗaya yake nufi, amma a lissafin kwamfuta akwai ko mai yarda da duka biyun, akwai kuma ko mai zaɓar ɗaya tak, kuma dole ne mu raba su da suna. Abokin aikina ya fi son matankaɗi a kan rariya, yana cewa a wasu garuruwa rariya tana nufin hanyar ruwa ko lungu, kuma har yau ba mu daidaita ba. Na yi niyyar in koma Gumel da kalmomin biyu in ba yaron nan, in ga wadda zai ɗauka ya yi wa na ƙasa da shi bayani da ita.